Kawuna da Aka Ce Yana Gudun Gayya

Ranar da muka kai Kawu makwancinsa, kafin a tayar da sallar gawa, liman ya juyo ya fuskanci jama'a kamar yadda aka saba, ya ce duk wanda mamacin ya saɓa wa ya yafe masa. Sahu uku muka yi a ƙofar gidan, a ƙauyenmu da ke gefen Dangora, a ƙasar Kiru. Sai murya ta tashi gaba ɗaya: "Mun yafe masa." Wani dattijo a bayana har da ƙari, wai, "Abin da ya wuce ya wuce, har na gayya." Na tsaya a sahun nan, ban san yadda na yi kabbara huɗun ba. Wai su ne za su yafe masa.

Da aka dawo daga maƙabarta aka shimfiɗa tabarmi a gindin darbejiya, muka zauna karɓar gaisuwa. Kowa ya zo sai ya ce ya haƙuri, ya samu wuri, ya yabi mamaci. Mai haƙuri ne. Ba ya shiga abin da ba ruwansa. Ba a taɓa jin kansa da kowa ba. Duk gaskiya ne, amma daga bakin waɗanda suka koya masa haƙurin dole take fitowa. Ina cikin amsa gaisuwa na ji mutum biyu suna magana ƙasa-ƙasa kusa da ni. Ɗaya ya ce, "Ashe dai ciwon nan na gaske ne." Ɗayan ya ce, "Ai daga baya ne ya zama na gaske." Na zuba masa ido, ya sunkuyar da kai ya ci gaba da jan carbinsa.

Wannan maganar ce ta sa ni rubutun nan. Kawu yayan mahaifiyata ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ni ma'aikacin ajiye katin marasa lafiya ne a wani ƙaramin asibiti a Tudun Wada, shi ya sa yake tsokanata da likitan takarda. Bai riƙe sarauta ba, bai bar abin da za a yi rigimar gado a kai ba. Abu ɗaya nake nema masa, shi ne sunansa. Sama da shekara ashirin ƙauyenmu yana kiran mutumin nan rago, maƙaryaci, mai gudun aikin jama'a, kuma ba haka ba ne.

Waɗanda suka girme ni sun fi ni sanin ƙuruciyarsa, sai dai su ƙi faɗa. A wurinmu in ciyawa ta fi ƙarfin mutum sai ya kira gayya, maza su taru su nome masa gona a yini ɗaya, ya ciyar da su, in an kira ta wani shi ma ya ɗauki fartanya ya je. A lokacin nan Kawu ne makaɗa suke fara wasawa. Yakan kai ƙarshen layinsa ya juyo ya kama na wanda ke kusa da shi, yana yi masa dariya. Da rani ya tafi Riruwai haƙar kuza, ruwa na sauka ya dawo. Yayansa, wanda muke kira Kawu Babba, shi ne sarkin noman ƙauyen, shi ke tsayar da ranar gayya, shi ke raba layi, kuma ba shi da abin taƙama kamar ƙanin nan nasa.

Yana da shekara talatin da 'yan kai idonsa na hagu ya yi hazo. Aka yi ta ɗiga magani, bayan wasu makonni ya washe da kansa. Shekara ta zagayo, ƙafarsa ta dama ta yi nauyi kamar ba tasa ba, bayan wata guda ta sake shi. Haka ciwon yake, ya zo ya tafi, ba kumburi, ba rauni, ba zazzaɓi, ba abin da mutum zai nuna ya ce ga shi. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne zafi. Da sanyin safiya Kawu garau yake. Rana na takewa ƙafar ta mutu, ido ya dushe, fartanya ta suɓuce daga hannunsa. In ya samu inuwa aka kwara masa ruwan randa, bayan ɗan lokaci sai ya miƙe kamar ba shi ba.

To, gayya a wurinmu sai hantsi ya dubi ludayi ake farawa, an karya, makaɗa sun iso, a yi ta yi har la'asar. Wato daidai lokacin da jikin Kawu ke ƙin aiki. Shi kuwa da ya gane halin jikinsa sai ya mayar da nomansa bayan sallar asuba, kafin rana ta yi zafi ya tashi. Masu wucewa suna ganinsa a gonarsa yana aiki kamar da. In an je gayya kuma, kafin a kai rabin layi ya zube a gindin ɗorawa. Ba sai an yi dogon bincike ba, mutanenmu suka yanke hukunci: tasa yana iya nomawa, ta mutane ce ba ya iyawa. Aka laƙaba masa Sarkin Inuwa. Har makaɗan da suka ci abinci da sunansa suka saka shi a kiɗa.

Ina gida hutun ƙarshen mako ranar da suka yi ta da yayansa a zaure. Kawu ya durƙusa ya gaishe shi, sannan ya ce, "Yaya, a riƙa fara gayya da an sallame asuba. Wallahi in da sanyi ne, layi biyu zan riƙa ɗauka."

Kawu Babba ya ce, "Don kai kaɗai za a canza abin da muka tarar? Mata su tashi da duhu su dafa abincin mutum talatin?"

"To a nuna mini layina tun jiya, in yi shi kafin ku zo."

"Wannan ba gayya ba ce. Gayya a gan ka ne cikin mutane, rana ta dake ka yadda take dukan kowa. Kai dai ka faɗi gaskiya, zuciyarka ce ta mutu. Ni kake zubar wa mutunci, ana cewa ƙanin sarkin noma ne yake kwance a inuwa."

Kawu ya dafa bango ya tashi. Amma bai fasa ba. Duk gonar da aka sa wa ranar gayya, in 'yan gayya suka isa sai su tarar an nome layi ɗaya ko biyu daga gefe, ƙasar ma ba ta bushe ba. Shekaru ya yi yana haka. Kada ku ɗauka an gode masa. Cewa aka yi, "Kun gani ko? Da ma yana iyawa."

Shekarar da ciwon ya kwantar da shi wata biyu a tsakiyar damina, ciyawa ta rufe masa dawa, sai ya kira gayya. Matarsa, wadda muke kira Inna, ta yi tuwo tukunya biyu, ta dama fura. Mutum uku suka zo. Da azahar Inna ta zauna gaban tukwanen tana kuka, ta ce a zubar wa awaki. Kawu ya ce a'a, a zuba a kwanuka a kai gidajen waɗanda ba su zo ba, tunda da sunansu aka dafa. Wasu sun ce baƙar magana ce ya yi musu da tuwo. Ni na san shi, ba haka yake nufi ba, ko da yake na so a ce haka ne. Duk sun karɓa kuma sun ci.

Bai kasance mai yawan ƙorafi ba, sai dai ya mayar da abin wasa. In ka tambaye shi ya jiki, sai ya daki cinyarsa ya ce, "Ta tafi unguwa, ba ta faɗi ranar dawowa ba." In ta sake shi ya ce, "Baƙuwar ta dawo, a ba ta ruwa." Ya ce shi da rana ba gaba suke ba, gaisuwa ce dai ba ta haɗa su. Da tsakar rana yakan zauna a zaure da rigarsa a jiƙe yana sassaƙa ƙota, kuma rabin fartanyun da ake zuwa gayya da su shi ya sa musu ƙota, bai taɓa mayar da kowa ba. Yana son shayi amma sai ya huce. Yana ƙin a riƙe masa hannu. In ya faɗi a hanya ka zo ɗaga shi, sai ya ce ka tsaya tukuna, yana duba wani abu ne a ƙasa.

Mutum ɗaya na sani da ya yarda da shi tun farko ba tare da takarda ba, wani Bafulatani abokinsa da rugarsu ke hanyar Ɗansoshiya. Shi ke kawo shanunsa ya yi wa Kawu huɗa da sassafe. Na taɓa jin wani ya ce masa yana ɓata ƙarfin shanunsa a kan rago. Ya ce, "Ina da saniya da ba ta jure rana. In ta kwanta ba na ce mata maƙaryaciya, inuwa nake kai ta." Ranar jana'iza yana sahun baya, kuma da aka ce an yafe, bakinsa a rufe yake.

Ni na fara kai Kawu wani babban asibiti a Kano. Muka samu likita dattijo, da wani ƙaramin likita a tsaye a gefensa yana koyon aiki. Kawu ya ba da labari tiryan-tiryan: ido, ƙafa, zuwa da tafiya, zafin rana. Na ga ƙaramin ya matsa ya faɗi wani suna da Turanci a hankali. Babban ya yi murmushi, ya amsa masa da Hausa, ina jin don mu ma mu ji. Ya ce, "Wannan ciwon mutanen ƙasashen sanyi ne, ba ya kama mu. Ko a can ma mata ya fi kamawa. Kai ka taɓa ganin manomi a Kiru da shi?" Aka rubuta mana maganin ƙarin jini da na ciwon jiki, aka ce Kawu ya rage tunani.

Na daɗe ina juya tambayar nan a raina, kuma har yau in na tuna ta sai raina ya ɓaci. Ta yaya zai ga manomi a Kiru da shi, alhali ga manomin a zaune a gabansa ya ƙi dubawa? Ni ma ina da nawa laifin. Na ji babban likita ya faɗa, na kama bakina. Da muka dawo Kawu Babba ya tambaye ni me aka gani, na ce ba a ga komai ba. Wannan kalmar tawa ta zaga ƙauyen kafin magariba. Ana ta cewa ai ɗan ƙanwarsa ma da ke aikin asibiti ya ce ba a ga komai ba.

Daga nan aka shiga abin da aka saba. Rubutu, hayaƙi, saiwoyi, wani ya ce sammu ne, wani ya ce ya taka wani abu a ramin kuza. Inna ba ta bar ƙofar da ba ta ƙwanƙwasa ba daga Bebeji har Doguwa. Ciwon kuma ya daina tafiya gaba ɗaya, duk zuwan da zai yi sai ya bar wani abu. Kawu ya koma dogara sanda, daga baya sanda biyu.

Sai bayan shekara goma sha wani abu muka dace da wata likitar jijiyoyi. Ta saurare shi har ya gama, ta tura mu aka saka shi a na'urar da ke ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa. Da sakamako ya fito ta ɗaga hoton ta nuna mana wasu fararen ɗigo-ɗigo. Ta ce sunan ciwon multiple sclerosis, ba shi da suna a Hausa. Jikin mutum ne da kansa yake cin rigar da ta lulluɓe jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka, kamar yadda ɓera ke cin robar wayar lantarki, saƙo ya kasa wucewa, kuma zafi yana ƙara tsananta shi. Na gaya mata abin da aka faɗa mana a da. Ta ce gaskiya ne ya fi yawa a ƙasashen sanyi, gaskiya ne mata sun fi yinsa, kuma a nan ba a cika samunsa ba. "Amma ba a cika samu ba daban, babu daban," in ji ta. "Kuma mu nawa muke dubawa? Wanda bai iso na'urar nan ba, ba ya cikin lissafin kowa. Ko baƙaƙen fatar da ke zaune a ƙasashen sanyin, da aka fara duba su da kyau an tarar suna yi." Ta ce da an gano da wuri akwai abin da za a iya yi don rage masa gudu, yanzu sai dai lallaɓawa.

Kawu bai tambayi magani ba. Ya ce, "Likita, ki rubuta mini a takarda cewa ciwo ne. Ki sa hannu." Ta rubuta, ta buga hatimi. A mota yana riƙe da takardar a ƙirjinsa har Dangora, mutumin da ba ya karatun boko. Ban taɓa ganin farin cikinsa irin na ranar ba, ranar da aka gaya masa ba zai warke ba.

Ya sa ni na karanta ta a ƙofar masallaci bayan la'asar, na fassara, na yi bayani iyakar iyawata. Kuskuren da na yi shi ne na faɗi gaskiya duka, har da cewa ciwon ya fi yawa a ƙasashen Turawa. Wani ya ce, "Au, ciwon Turawa ne? Ashe Bature muke zaune da shi ba mu sani ba." Aka kwashe da dariya. Kawu Babba bai yi dariya ba, amma bai tsawatar ba, ya saka takalmansa ya tafi. Daga ranar aka ajiye Sarkin Inuwa aka ɗauki Bature. Kawu ya karɓi takardarsa ya ninke, ya ce mini, "Likitan takarda, ka yi ƙoƙari." Bai sake fito da ita ba.

A wurin aikina duk ƙarshen wata muna cike fom na cututtukan da aka gani. Akwai gurbin zazzaɓin cizon sauro, akwai na gudawa, akwai na hawan jini, a ƙasa kuma akwai wani da aka rubuta wa "sauransu". Daga irin fom ɗin nan ake haɗa abin da manya ke karantawa su ce ciwo kaza babu shi a ƙasar nan. Ni ke cike shi da hannuna, na san abin da ke shiga da abin da ba ya shiga. Kawu ya rasu a ɗakinsa da hantsi, kafin la'asar an rufe shi, ba wanda ya rubuta abin da ya yi ajalinsa. Ban ce ciwon ya cika gari ba, ban sani ba. Abin da nake cewa shi ne wanda ya ce babu, shi ma bai sani ba.

Shekarunsa uku na ƙarshe a kwance ya yi su. Inna ce ke juya shi, ita ke jiƙa zane ta rufa masa in zafi ya yi yawa. Gonar kuwa 'ya'yansa mata da abokinsa Bafulatani suke lallaɓa ta. Ya rasu a tsakiyar damina, masara tana neman maimai.

Washegarin sadakar uku Kawu Babba ya aika gida-gida cewa za a nome gonar marigayi. Ba kiɗa, saboda makoki. Kuma aka ce a fito da an sallame asuba, don a dawo zaman gaisuwa da wuri. Ba wanda ya ce ba haka muka tarar ba. Maza sun fi talatin, har da wanda ya fara cewa Bature. Kafin rana ta yi zafi sun gama, suka watse.

Na tsaya a bakin gonar don ba na son tafiya tare da su. Sai na ga Kawu Babba ma bai tafi ba, yana zaune a kan tudun iyaka, tsoho tukuf, fartanya a gabansa. Ya yafito ni.

"Takardar nan tana nan?"

"Tana wurin Inna."

"Me ta ce game da zafi? Sake faɗa mini."

Na sake faɗa masa, a hankali, kamar yadda likitar ta faɗa mana. Ya dubi masarar, ya tambaye ni.

"Shi kaɗai ne a duk ƙasar nan?"

"Ba wanda ya sani, Kawu. Ba a dubawa."

Sai ya ɗaga hannu ya lanƙwasa yatsa ɗaya. Ya ce akwai wata mata a Ɗansoshiya da ba ta iya tsayawa gaban murhu, in ta yi girki sai ƙafafunta su ƙi ɗaukarta, da safe kuma ta je rijiya lafiya lau, har aka mayar da ita gidansu aka ce son jiki ne. Ya lanƙwasa na biyu, wani mai faskare da idonsa ke tafiya yana dawowa, aka ce dabarar bara ce. Ya kama na uku ya riƙe, bai faɗi ko wane ne ba. Ni ban san ko ciwonsu ɗaya da na Kawu ba, kuma yanzu ba mai iya sani.

Na ce, "To ka faɗa musu, Kawu. Kai za su ji. Ka tashi a masallaci ka ce ƙaninka bai yi ƙarya ba."

Ya ce, "Wa zan faɗa wa, ɗan nan? Duk tare muka yi." Ya dafa fartanyarsa ya miƙe, ya kama hanyar gida.

An yi bakwai, an yi arba'in, bai faɗa ba. To ni na faɗa, kuma na rubuta don kada a ce ba a ji ba. Allah ya jiƙan Kawu, ya sanyaya masa makwanci, ya ba Inna ladan jinya. Yafiyar da aka yi masa a bakin makara kuwa, masu ita su riƙe kayansu. Kawuna bai taɓa gudun gayya ba, ciwo ne, kuma tun ranar farko ya gaya muku.